Ajiya da Iyakarta: Tsokaci a Kan Adana Bayanan Kwamfuta a Ƙasar Kudan

GABATARWA

Hausawa sun daɗe da sanin cewa ajiya maganin wata rana ce. Manomi ba ya cinye abin da ya noma tun da kaka, sai ya ɗaure dammuna ya zuba a rumbu, ya kuma ware iri dabam ya rataye shi inda ɓera da gara ba za su kai gare shi ba. To, a yau an sami wata irin dukiya wadda ba a auna ta da mudu, ba a kuma ɗaure ta dami, watau bayanan da ke cikin kwamfuta. A ƙasarmu ta Kudan da maƙwabtanta Maƙarfi da Ikara, wannan dukiya kullum ƙaruwa take yi. Tun daga 1996 da aka yanke ƙaramar hukumar Kudan daga Maƙarfi, aka ajiye hedikwatarta a Hunƙuyi, aikin ofis ya yi ta sauya kama, daga rijista da keken rubutu zuwa kwamfuta. Jerin albashin ma'aikata, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da bayanan marasa lafiya, da lissafin ƙungiyoyin manoman rake da tumatir, sannu a hankali duk can suke komawa. Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi doka a 2015 ta kafa hukumar KADGIS domin riƙe bayanan filaye a kwamfuta, hukumar JAMB kuwa tun daga wannan shekarar ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a ta kwamfuta gaba ɗaya.

Kowa ya san kwamfuta ba ta da alkawari. Ƙurar hunturu, da zafin bazara, da tsawar damina, da wutar lantarki mai zuwa da ƙarfi ba sallama, da ɓarawo, da gobara, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya raba ofis da aikin shekara goma a dare ɗaya. Saboda haka masu hankali suke ɗaukar kwafin abin da ke cikinta su ajiye a wani wuri, abin da zan kira a nan ajiyar ko-ta-kwana. Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga wani gefe na wannan ajiya wanda ba kasafai ake kula da shi ba. Ra'ayina shi ne, kwafin da ya kiyaye rubutu amma ya zubar da bayanin wanda ya mallaki rubutun, da wanda aka yarda ya karanta shi, da wanda aka yarda ya gyara shi, rabin ajiya ne, kuma ranar da aka mayar da shi cikin kwamfuta yana iya jawo ɓarnar da ta fi ta asarar da ake gudu.

MENE NE IZININ FAYIL?

Domin mu fahimci abin da ake nufi da izini, bari mu dubi tsarin gidan Bahaushe. Akwai zaure, inda kowane baƙo zai iya yin sallama ya zauna. Akwai tsakar gida, inda sai mutanen gida da waɗanda aka amince da su ke shiga. Akwai kuma turaka, wadda ta maigida ce, ba mai shiga sai da kiransa. Gida ɗaya ne, katanga ɗaya ce, amma kowane sashe da masu taka shi. Wanda ya gina wa mutum ɗakuna cif yadda suke a tsohon gidansa, amma ya fasa wa turaka ƙofa ta bakin titi, ba za a ce ya mayar masa da gidansa ba.

Kusan haka masana suka tsara kwamfutar da mutane da yawa ke aiki da ita. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina babbar manhajar gudanarwa mai suna Unix a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, kuma tsarin izinin da ya bunƙasa a cikinta shi ne Linux ta gada, wadda Linus Torvalds ya fito da ita a 1991. Wayoyin Android da ke aljihunmu ma a kan Linux aka gina su. A wannan tsari kowane fayil yana da mamallaki guda, yana da rukunin mutane da aka jingina shi gare su, sa'an nan akwai sauran jama'a, watau maigida da iyali da baƙi ke nan. Ga kowane ɗaya daga cikin ukun nan akwai izini iri uku: na karantawa, da na rubutawa ko gyarawa, da na zartarwa, wanda shi ne ikon tayar da manhaja ta yi aiki ko ikon shiga jakar da fayiloli ke ciki.

An ba kowane izini lamba domin sauƙin rubutawa. Karantawa 4 ne, rubutawa 2, zartarwa 1, sai a haɗa jimla ga kowane sashe. Idan aka ce izinin fayil 640 ne, ma'anarsa mamallaki yana karantawa yana gyarawa, 'yan rukuni suna karantawa kawai, sauran jama'a kuwa ba su da rabo. Idan 600 ne, sai mai shi kaɗai. Idan kuwa 777 ne, to gida ya zama kasuwa, kowa ya shiga, kowa ya karanta, kowa ya soke abin da ya ga dama. Manhajar Windows, wadda ita aka fi sani a ofisoshinmu, tana da nata salon a tsarin faifai mai suna NTFS wanda ya fito a 1993, inda ake liƙa wa kowane fayil jerin sunayen waɗanda aka yarda wa da irin abin da aka yarda musu. Salo ya bambanta, manufa ɗaya ce.

Abin lura a nan shi ne, wannan bayani na izini ba a cikin rubutun fayil yake ba. Kwamfuta tana riƙe shi ne a gefe guda, tare da sunan fayil da ranar da aka taɓa shi ta ƙarshe, kamar yadda sunan mai buhu ke rubuce a bayan buhu, ba cikin masarar ba. In aka juye masara a wani buhu, masara ta iso, suna ya tsaya a baya.

YADDA IZINI KE ZUBEWA A HANYA

Hanyar da akasarinmu muke bi wajen ajiya ita ce a soka filashi a jikin kwamfuta, a jawo jakunkuna a zuba. To, yawancin filashin da ake saya a kasuwa yana zuwa ne da tsarin FAT32, wanda ya fito a 1996, ko kuwa exFAT na 2006. Waɗannan tsare-tsare biyu ba su da gurbin rubuta mamallaki ko rukuni ko izini irin wanda muka bayyana. Da zarar fayil ya sauka a kansu, bayanin nan ya zube, kuma kwamfuta ba lallai ba ne ta ce uffan. Ranar da aka mayar da fayilolin, sai su zama mallakar wanda ya yi kwafin, da izini na bai ɗaya. A Windows ma, fayil ɗin da aka kwafa zuwa wata jaka yakan ɗauki izinin jakar da ya sauka a ciki ne, ya bar nasa na asali. Haka abin yake ga wanda ya tura fayil ta WhatsApp ko ta wasiƙar intanet.

Akwai wata hanya ta biyu da ta fi wannan wuyar ganewa. Kwamfuta mai aiki da Linux ba da suna take sanin mutum ba, da lamba take saninsa. Babban mai iko a cikinta lambarsa 0 ce, mutum na farko da aka yi wa rajista kuwa galibi 1000 yake samu, na biyu 1001, haka har ƙarshe. Mu ɗauka a tsohuwar kwamfutar wata ƙungiya ma'aji ne 1001, magatakarda kuma 1002. Kwamfuta ta lalace, aka sayo sabuwa, mai haɗa ta ya fara yi wa magatakarda rajista kafin ma'aji. Idan aka mayar da ajiya bisa lamba, duk littattafan kuɗi sun koma hannun magatakarda, takardun magatakarda kuma sun koma hannun ma'aji, alhali ba harafi ɗaya da ya ɓace. Mai kallo zai ce aiki ya yi kyau, amma an yi musayar mabuɗai.

ƁARNAR DA KE BIYO BAYA

Ɓarna ta farko ita ce tonon asiri. A makarantar sakandare da malamai ke aiki da kwamfuta ɗaya, tambayoyin jarrabawa da ke keɓe ga jami'in jarrabawa sai su wayi gari a buɗe ga duk wanda ya zauna gabanta. A asibiti, sakamakon gwajin jinin matar wani sai ya zama abin da mai buga takardu zai iya karantawa. A garuruwa irin namu, inda ma'aikacin ofis maƙwabcin marar lafiya ne, ko surukinsa, ko abokin sallarsa, irin wannan labari in ya fita yana iya kashe aure, yana iya hana yarinya miji.

Ta biyu ita ce sauya gaskiya, kuma ita ta fi tsoratar da ni. In kowa yana da ikon gyarawa, to maki 38 yana iya zama 83, sunan wanda ya rasu yana iya ci gaba da karɓar albashi, bashin taki da ake bin wani yana iya komawa kan wani. Manomanmu sun san darajar gambar da ake dasawa a iyakar gona. Idan mai garma ya bi ta kanta ya share ta, gona tana nan, ƙasarta ba ta ragu da ko taki ɗaya ba, amma ranar rabon gado sai an je gaban alƙali, 'yan'uwa su daina gaisawa. Izinin fayil shi ne gambar wannan sabuwar gona. Daɗin daɗawa, in kwafi ya shafe ranar da aka taɓa fayil ta ƙarshe ya sa ranar da aka mayar da shi, mai bincike ya rasa wata babbar shaida.

Ta uku ita ce kwamfutar kanta ta ƙi aiki. Babbar manhaja tana da dubban fayiloli nata na kanta, kuma wasunsu ba sa aiki sai suna hannun babban mai iko da wani izini na musamman. A Linux, alal misali, manhajar sudo, wadda da ita mai kula da kwamfuta ke aron ikon shugabanci, takan ƙi motsi ƙememe in ta ga mamallakinta ya sauya. A nan ne mai gyara, ga zufa ga shugaban ofis a tsaye a kansa, yakan ba da umurni guda ya mayar da kome 777 domin a huta. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Sau da yawa matsalar ba ta warwarewa, a inda kuma ta yi kamar ta warware, an tuge ƙofofin gida ne gaba ɗaya saboda mabuɗi ɗaya ya ɓace.

ABIN DA MAGABATA SUKA RIGA MU SANI

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wata sabuwar hikima ce da ta zo mana daga ƙetare. Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar wani tsohon malami a Zariya, ko ya duba rubuce-rubucen hannu da ke ajiye a Gidan Arewa a Kaduna, ya ga yadda masu kwafin littafi na da suke rufe aikinsu. Bayan an kai ƙarshen matani, sau da yawa marubuci yakan ambaci sunan littafin da mawallafinsa, ya faɗi sunan wanda ya kwafa, ya faɗi wanda aka kwafa wa ko wanda ya mallaka, wani lokaci har da rana da wata. In littafin waƙafi ne, akan rubuta a jikinsa domin kada wani ya sayar, ko ya bayar kyauta, ko magada su raba. Ashe ke nan malamanmu sun gane cewa matani kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa shi da bayanin mai shi da sharaɗin amfani da shi.

Ta fuskar shari'a ma, littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya yi magana a kan hukuncin ajiya, kuma ɗaliban fiƙihu sun san wanda ya ƙetare iyaka a kan abin da aka ba shi ajiya shi ke da ramuwa. Ma'aikacin da aka damƙa wa kwamfutar ofis mai riƙon ajiya ne. Abin da aka ba shi kuwa ya haɗa da rubutun da kuma sirrin masu rubutun. Dokar zamani ta zo ta tarar da wannan fahimta. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kiyaye sirrinsu da ingancinsu, da kuma tanadin hanyar maido da su idan wani haɗari ya auku, ta kuma sa bayanan lafiyar mutum cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman.

HANYAR DA TA DACE

Abin farin ciki shi ne maganin wannan matsala ya daɗe da samuwa, kuma akasarinsa kyauta ne. Tun 1979 Unix ta zo da wata manhaja mai suna tar, wadda ke tattara fayiloli ta ɗaure su ƙunshi guda, ta rubuta wa kowanne mamallakinsa da rukuninsa da izininsa da ranarsa a cikin ƙunshin. Da yake bayanin yana ciki, ko a kan filashi aka ajiye ƙunshin ba zai zube ba, sai dai a tuna FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Wajen kwancewa kuwa dole babban mai iko ne zai kwance, domin shi kaɗai ke da ikon mayar wa kowa kayansa da sunansa. A 1996 kuma Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fito da rsync, wadda ke kwafar abin da ya sauya kawai tun bayan ajiyar da ta gabata. In aka ba ta umurni da harafin a, takan tafi da izini da mamallaki da rana, amma ƙarin jerin izini na musamman sai an ambata mata shi dabam da manyan haruffan A da X. Sharaɗinta shi ne faifan da za ta zuba wa kaya ya kasance mai tsarin da ke riƙe izini. Masu Windows suna da Robocopy a cikin kwamfutarsu, wadda ke iya kwafar fayil tare da jerin izininsa zuwa faifai mai tsarin NTFS. Wanda kuma yake son ɗaukar hoton faifai sukutum, da babbar manhaja da kome, akwai Clonezilla.

Bayan zaɓen kayan aiki, akwai ƙa'idoji huɗu da nake ganin kowane ofis ya kamata ya riƙe. Ta farko, a ajiye jerin masu amfani da kwamfutar da lambobinsu tare da kwafin, a kuma buga shi a takarda, domin ranar mayarwa a fara da shi kafin a sauke fayil ko ɗaya.

Ta biyu, a kulle kwafin. Izini doka ce da kwamfuta ke zartarwa a kan masu shiga ta ƙofa. Wanda ya tsinci faifan ajiya ya kai shi wata kwamfutar da shi ne mai iko a cikinta, zai buɗe kome. Saboda haka sai an rufe ƙunshin da kalmar sirri, irin rufin da ke mayar da rubutu abin da ba ya karantuwa sai ga mai mabuɗi. Kalmar kuma kada ta tsaya a kan mutum ɗaya, gama rai ba a bakin kome yake ba, canjin wurin aiki ma yana zuwa ba shiri. A rubuta ta a liƙe cikin ambulan a ajiye wurin shugaban ofis.

Ta uku, a raba wuri. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yayata ƙa'idar da ake kira 3-2-1, watau kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg ta ƙasar Faransa, kuma wasu masu hulɗa da kamfanin sun rasa bayanansu da kwafinsu gaba ɗaya, domin duka a wuri guda suke. Manomin Likoro ko Doka ba ya buƙatar a gaya masa dalilin da ya sa ake gina rumbu nesa da murhu. Faifan da ke kwance cikin aljihun teburin da kwamfuta ke kai, ɓarawo ɗaya ne zai kwashe su tare.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran muhimmanci, a gwada mayarwa tun ana zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniya a kamfanin GitLab ya goge bayanai kusan gigabayit 300 bisa kuskure. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka waiwaye su babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin haɗarin, aikin waɗannan awoyi kuwa ya tafi. Idan ƙwararru a wannan fanni sun faɗa wannan rami, ina ga ofishin da bai taɓa buɗe faifan ajiyarsa ba? Gwajin da nake nufi kuwa bai tsaya ga ganin fayil ya buɗe ba. A mayar da kwafin a wata kwamfuta, sa'an nan a kira mai mafi ƙanƙantar izini a ofis, a ce ya shiga da sunansa ya nemi buɗe jerin albashi. In ya buɗu, ajiyar ta faɗi jarrabawa.

AMSA GA MASU JA

Wani zai ce ofisoshinmu ƙanana ne, mutum biyar ne ko shida, kuma duk an san juna, an yarda da juna. Amsata ita ce, izini yana kare mai gaskiya fiye da yadda yake tare maras gaskiya. Ranar da aka ga lamba ta sauya a littafin kuɗi, in mutum shida ne ke da ikon gyarawa, zargi ya hau kan shida. In mutum ɗaya ne, biyar sun kuɓuta. Ban da haka, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muguwar manhajar nan da ke kulle bayanan mutane ta nemi kuɗin fansa, da farko iyakar ɓarnarta ita ce iyakar izinin wanda ta shigo ta hannunsa. Inda kome yake a buɗe, kuskuren mutum ɗaya ya isa ya cinye ofis duka.

Wani kuma zai ce, ai ɓoye-ɓoye shi ke haifar da cin hanci, gara a bar kome a fili. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman sanin abin da hukuma ke yi. Amma dokar nan da kanta ta keɓe bayanan da suka shafi sirrin mutum. Haka kuma mai wannan ra'ayi ya manta cewa izinin karantawa dabam, na gyarawa dabam. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ya dace kowa ya karanta shi, kamar sanarwar da aka liƙa a allo aka rufe da gilashi. Gilashin bai hana ido ba, hannu ya hana. Tsarin izini ne kaɗai ke ba da damar a buɗe wa jama'a ido ba tare da an miƙa wa kowa alƙalami ba.

Na uku zai kawo kukan kuɗi. Manhajojin da na ambata babu wadda ake saya dabam. Abin da za a saya shi ne faifai biyu, abin da za a bayar kuma shi ne awa ɗaya a mako. Mai ganin wannan ya yi tsada ya dubi Koriya ta Kudu, inda gobara ta tashi a cibiyar bayanan gwamnati da ke Daejeon ranar 26 ga Satumba 2025, ta cinye wani rumbun fayilolin ma'aikata mai terabayit 858 wanda ba a yi masa kwafi ba saboda girmansa. Rigakafi dai ya fi magani.

AIKIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Saura tambaya ɗaya, wadda na san tana zuciyar wasu 'yan'uwana ɗalibai: me ya haɗa Sashen Hausa da wannan magana? Abin da ya haɗa mu shi ne harshe. Yaron da ke gyaran kwamfuta a Hunƙuyi, da akawun makaranta a Ikara, da ma'ajin ƙungiyar masu mazarƙwaila a Maƙarfi, da Hausa suke tunani, da ita suke ciniki, amma duk gargaɗin da kwamfuta ke yi musu da Turanci take yi. Mutum ba ya kiyaye abin da ba shi da sunansa. Muddin ba mu da daidaitattun kalmomi na mamallaki da rukuni da izini da mayarwa, to shugaban ofis ba zai iya tambayar mai gyara ko ya kiyaye su ba, mai gyara ma ba zai iya bayyana masa abin da ya zubar ba.

Magabatanmu a wannan fanni sun share mana hanya. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano, wadda aka kafa a 1969, ta daɗe tana aikin ƙirƙirar kalmomi, kuma a 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Dalhatu Muhammad ya tace. Kalmomin da na yi amfani da su a nan shawara ce kawai, ina roƙon malamaina su duba su gyara. Ina kuma ba da shawara ƙungiyarmu ta ɗalibai ta haɗa kai da takwarorinmu na Sashen Kimiyyar Kwamfuta, a rubuta ɗan littafi na shafi goma ko goma sha biyu da Hausa mai sauƙi, wanda kowane ɗayanmu zai tafi da shi garinsu lokacin hutu. Mu kanmu ma muna da ajiya. Waƙoƙi da tatsuniyoyi da hirarrakin da muke ɗauka a ƙauyuka domin kundin digiri, wasunsu an ba mu su ne da sharaɗin kada a yaɗa, ko kada a ambaci suna. In fayil ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, sharaɗin ya tsaya a baya, mu ne muka saɓa alkawari.

KAMMALAWA

A taƙaice, wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa kowane fayil yana tafe da abu biyu, rubutunsa da iyakarsa, kuma hanyar kwafi da muka saba da ita rubutun kaɗai take ɗauka. Ta nuna irin ɓarnar da ke biyo baya, ta kuma kawo hanyoyin da za a bi. Kirana ga shugabannin makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi na ƙasar Kudan da Maƙarfi da Ikara shi ne, duk ranar da mai kula da kwamfuta ya ce musu ya yi ajiya, su yi masa tambaya uku: ina kwafin yake, yaushe aka gwada mayar da shi, kuma da aka mayar, wa da wa ke iya buɗewa? Wanda ya amsa ukun nan ya riƙe amana. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin.